Kebul ɗina ya wuce mita 100 kuma yana aiki, me ya sa gudunsa ke faɗuwa?

Tambaya: Na ja kebul ɗin sadarwar kwamfuta irin Cat6 mai tsawon kusan mita 130 daga suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci) zuwa wata kwamfuta. An ce iyaka mita 100 ce, amma fitilar haɗi ta kama. Sai dai gudun yakan sauko daga gigabit 1 zuwa megabit 100, wani lokaci ma layin ya yanke. Ina matsalar take?

Amsa: Mita 100 ita ce iyakar da ƙa'idar shimfiɗa kebul ta TIA-568 ta ba da tabbaci a kanta: mita 90 na kebul ɗin da ke cikin bango, sai mita 10 na gajerun wayoyin haɗi a bakunan biyu. Masu ƙera na'urori sukan bar ɗan rara, shi ya sa naka ya kama. Wannan rarar kake ci, kuma ba ta da yawa.

Sigina na raunana da nisa, zafi kuma yana ƙara raunana shi. Gigabit yana aiki da duka tagwayen wayoyi huɗun da ke cikin kebul, megabit 100 kuwa biyu sun ishe shi. Idan na'urorin suka yi ta ƙoƙarin haɗuwa a gigabit abin ya ƙi, wasunsu sai su sauko da kansu. Kada fitilar ta ruɗe ka, haɗuwa kawai take nunawa. Shiga shafin suwic ɗin, in mai saiti ne, ka duba lissafin kurakuran CRC. In yana hawa, bayanai na lalacewa a hanya.

Kafin ka ɗora wa tsawon laifi, duba kawunan RJ45, wato waɗanda ke bakunan kebul ɗin. Murɗin wayoyin bai kamata a warware shi fiye da milimita 13 ba. Sannan ka kankare waya ɗaya da wuƙa: in ka ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma irin wannan ko mita 100 ɗin ba lalle ya kai lafiya ba, balle a ɗora masa wutar PoE, wato wutar da ake tura wa na'ura ta cikin kebul ɗin.

Gyara mafi sauƙi shi ne ka sa ƙaramin suwic a tsakiya, kowane ɓangare ya zama kusan mita 65. In kuwa tsakanin gini biyu ne, ka ja faiba, wato kebul ɗin gilashi, da na'urar sauya sigina a kowane baki, don wutar tsawa ba ta bin gilashi.