Me ya sa kwalam ɗin C18 ya kasa raba sukari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwalam ɗin C18 kaɗai gare mu a kan na'urar HPLC, mai raba sinadaran da ke cikin ruwa ta hanyar tura su cikin bututun da ake kira kwalam. Yana raba mana kafeyin da benzowet lafiya lau, amma da muka zo auna gulukos da furuktos a ruwan 'ya'yan itace, sai suka fito a dunƙule tun farkon gwaji. Lalacewa ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwalam ɗinka lafiyarsa ƙalau, aikin da ba nasa ba ka ɗora masa. Abin da ke cikinsa silika ce da aka lulluɓe da sarƙoƙin kabon 18 masu ɗabi'ar maiƙo. Abin da ke gudun ruwa suke riƙewa, sukari kuwa bin ruwa yake ya wuce.

Nemi kwalam na amino, faɗi milimita 4.6, tsawo 250, ƙwayoyi maikuromita 5. Ruwan turawa ya zama asetonaitiril kashi 75, ruwa kashi 25, mililita 1 a minti. Furuktos zai fara fitowa, sai gulukos, sai sukuros. Sukari ba ya shan hasken UV sosai, don haka na'urar RI, mai gano abu ta yadda yake lanƙwasa haske, za ka haɗa, ita kuma ba ta jure sauyin zafi ko sauya haɗin ruwa ana cikin gudu.

Amma ka san aibinsa: gulukos yana maƙalewa a rukunin amino, da kaɗan-kaɗan ƙololuwarsa (tsinin da yake fitarwa a zanen sakamako) ta ragu, lokacin fita ya riƙa gajarcewa. In samfurinka da yawa, na amaid ya fi ƙarko, shi nake ba da shawara. Kada kuma ka zuba samfur a tsurar ruwa da yawa, ƙololuwa za ta baje. Tsarma shi da asetonaitiril, ka zuba kamar maikurolita 10.

Kada talla ta ja ka zuwa ƙwayoyi ƙasa da maikuromita 2 in iyakar matsin famfonka bar 400 ce, matsin zai fi ƙarfinsa.

Kitse da furotin su suka fi kashe kwalam a gwajin abinci. Cire su tukuna, ka tace samfur da matacin maikuromita 0.45, sannan ka sa ƙaramin kwalam na kariya a gaba. Da matsi ya fara hawa, shi za ka fara canzawa.