In saya masa kalkuleta ko in dakata?

Tambaya: Malam, ɗana yana taɓa lissafi daidai gwargwado, amma da zarar x ya fito hagu da dama, kamar 7x − 4 = 3x + 12, sai ya rikice. Ya matsa mini lamba in saya masa babbar kalkuleta, wai ita ce maganin abin. In saya?

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Yaron bai yi ƙarya ba, kalkuleta irin su Casio fx-991 suna da SOLVE, wato tsarin nemo darajar x, za su fito masa da 4. Sai dai amsa kawai za ta miƙa masa, ba za ta nuna masa inda yake tuntuɓe ba.

Ki zauna da shi, takarda da fensir sun isa. Ki ce masa alamar = ma'auni ce, abin da aka yi wa hagu dole a yi wa dama. Ya cire 3x daga kowane ɓangare, saura 4x − 4 = 12. Ya ƙara 4 nan da can, ya zama 4x = 16. Ya raba da 4, x = 4.

A mataki na biyun nan ki zuba masa ido. Yaran da suka haddace "a tsallakar da shi" sukan kwashi 4 su kai dama ba su juya alamarsa ba, sai su sami 4x = 8, x = 2. Kada ki ce masa ya yi kuskure, ya mayar da 2 ɗin cikin tambayar da kansa: hagu 10, dama 18, ma'auni ya karkata. Da 4 kuwa, 24 da 24.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. Masanin lissafi Al-Khwarizmi ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga kalmarsa al-jabr aka samo sunan aljabra. Idan lallai sai kin kashe kuɗi, littafin atisaye mai amsoshi a baya ya fi masa amfani yanzu. Kalkuleta ta jira zuwa lokacin da makaranta ta nema.

Tambaya: Malam, na saka 2x + 5 = 2x + 9 a kalkuletata ta ƙi ba ni amsa. Ta lalace ne, in sake wata?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Cire 2x daga ɓangarorin biyu ka gani: saura 5 = 9. Babu lambar da za ka ba x wannan ya tabbata, ko sabuwa ka sayo haka za ta yi maka.