Maigidana yana cewa ya sake ni a cikin zuciyarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekararmu 6 da aure, 'ya'yanmu biyu. Tun bara maigidana yake tashina cikin dare yana kuka, wai kalmar saki tana zuwa masa a zuciya, yana tsoron ya sake ni. Bai taɓa furtawa ba. Wani malami a unguwarmu ya ce a mazhabar Malikiyya sakin zuci yana aukuwa, in koma gidanmu. Kuma in ya shiga alwala sai ya ƙarar da buta uku, har jam'i ya wuce shi. Mene ne matsayin aurena?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, aurenki yana nan daram, kada ki ɗauki ko gyale ki bar ɗakinki.

Maganar buta ukun nan da kika sako a ƙarshe, a kanta hukuncin ya rataya. Wanda zai wanke hannu ya sake wankewa har liman ya sallame, sannan ya kwana yana kuka don tsoron rabuwa da matarsa, mai waswasi ne. Ahlari ma da muka karanta muna yara ya ware shi: wanda ya yi shakkar hadasi ya sake alwala, sai dai in mai waswasi ne, to babu komai a kansa.

Abin da malamin unguwarku ya faɗa yana da asali, amma ya ajiye shi inda ba wurinsa ba. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya ambaci saɓani kan aukuwar saki da zancen zuci, Shaihu Dardir kuma ya bayyana cewa abin dogaro shi ne ba ya aukuwa, kuma a kan haka jumhurun malamai suke. Annabi (SAW) ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya, muddin ba su aikata ko sun furta ba. To ko da mun bi masu cewa yana aukuwa, su wa suke nufi? Suna nufin wanda ya zauna da hankalinsa da zaɓinsa, ya ƙulla sakin a ransa kamar yadda zai faɗa da baki. Ina wannan, ina wanda kalmar ke faɗo masa yana tunkuɗe ta yana neman tsari? Hawayensa ma shaida ne cewa ba ya so. Wallahi yana ci mini rai in ga an ɗauko saɓani guda daga littafi za a rushe gida mai 'ya'ya biyu da shi, ba a ko tambayi halin mai gidan ba.

In da wata rana zai furta da baki, wannan magana ce daban. Ku je gaban alƙali ko malami masani tare, a ji halin da yake ciki lokacin furucin.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Mijinki ba shi da lafiya. Likitoci suna kiran wannan lalura OCD, kuma tana da magani. Ki lallaɓa shi, ko ki sa wanda yake jin nauyinsa, ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma ba ya hana azkar da ruƙiyya. Maganin kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kada ya yar da shi bayan kwana goma. Abin da za su koya masa ma shi ne abin da malamanmu suka ce: shakka ta zo, ka ƙyale ta, kada ka maimaita.

Ke kuma ki karanta masa wannan amsa sau ɗaya. In ya sake tambayarki "Na faɗa ko ban faɗa ba?" ki ce masa cikin taushi, "An riga an ba mu amsa," ki kawo wata hira. Yawan tabbatar masa yana sanyaya masa rai na ɗan lokaci, sannan shakkar ta dawo da ƙarfi. Haka yawo daga malami zuwa malami, ya daina. Ki cika masa buta ɗaya, in ta ƙare ya fito ya tafi masallaci ko da zuciyarsa ba ta natsu ba.

In kika taɓa jin ya ce ya gaji da rayuwa, a ranar ki sanar da 'yan'uwansa a kai shi asibiti. Ke ma ki samu babbar mace mai riƙe sirri ki riƙa faɗa mata damuwarki, shekara guda ba ki barci ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.

Wallahu a'alam.