Malam, fara da tebur kafin ƙa'ida

Malam, ka ce ɗalibanka na aji uku na babbar sakandare a Daura suna iya lissafin iyaka, wato limit, lambar da amsa ke dosa yayin da x ke kusantar wani wuri, amma ba su gane bambancinta da ƙimar fankshin (tsarin lissafin da ake sa wa lamba ya ba da amsa) a wurin ba. Na sha fama da wannan, kuma tebur ne ya cece ni.

Rubuta (x² − 1)/(x − 1) a allo. Su sa 0.9, za su samu 1.9, 0.99 ta ba da 1.99, daga ɗaya ɓangaren 1.01 ta ba da 2.01. Sai su sa 1 kanta: sifili bisa sifili. A nan hannaye ke tashi. Nakan ce su ɗauka mutum biyu ne suka nufi rijiyar Kusugu, ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma. Wuri ɗaya suka dosa, ko da rami ne a wurin. Iyakar 2 ce.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yaro ya ga 0/0 ya rubuta "babu iyaka", ko ya duba gefe ɗaya kawai. Ba su |x|/x a sifili (|x| girman x ne ba tare da alamar ragi ba): hagu −1, dama 1, don haka a nan ne babu iyaka.

Zana layi ba ɗaga alli ya isa a fara bayanin ɗorewa, wato continuity, rashin yankewar fankshin, amma su riƙe sharuɗɗa uku: akwai ƙima, akwai iyaka, kuma sun zo ɗaya.

Kada ka yi gaggawar epsilon da delta, wato cikakkiyar ƙa'idar bayyana iyaka. In wani hazikin ya matsa, haɗa shi da malaman sashen lissafi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua.