Hukuncin Saita Launuka a Manhajar Bibiyar 'Yan Kartar Poka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jekadafari cikin garin Gombe, ina taɓa aikin kwamfuta. Wasu 'yan ƙasar waje masu buga kartar poka a intanet suna biyana da dala in saita musu launuka a manhajar bibiyar 'yan wasa, PokerTracker 4 ko Hold'em Manager 3. Ban taɓa zuba ko kwabo ba, lissafi kawai nake yi, kuma sun ce wasan ƙwarewa ne, ba sa'a ba. Kuɗin halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba, don haka mu fara duba aikin.

Manhajar tana tara tarihin kowane rabon karta da aka buga, ta fito da alƙaluma a ɗan allo kusa da sunan kowane ɗan wasa, wanda suke kira HUD. Manyan alƙaluman biyu ne. VPIP yana nuna sau nawa cikin ɗari mutum ke zuba kuɗi da son ransa kafin a buɗe katunan tsakiya, PFR kuma sau nawa yake ƙara kuɗin a wannan gaɓar. A teburin mutum shida, gwanaye sukan tsaya wajen 22 zuwa 26 a VPIP. Wanda nasa ya haura 40 alhali PFR ɗinsa bai kai 10 ba, shi suke kira kifi, wato wanda bai iya wasan ba. Aikinka shi ne yanka iyakokin: ja ga mai taka-tsantsan, ruwan ɗorawa ga matsakaici, kore ga kifi, ko yadda mai aikin ya zaɓa. To me koren yake faɗa? Cewa yake ga wanda za a ci kuɗinsa, a zauna kusa da shi. Amfaninsa ke nan. Har gidajen cacar sun gane haka: partypoker ya hana HUD a 2019, GGPoker ma bai yarda da HUD na wata manhaja daban ba. Idan a irin waɗannan wuraren za a yi aiki da shi, ha'inci ya hau kan caca.

Batun ƙwarewa kuwa, manhajar da kanta ta ƙaryata su. Ka san idan launi ya kama bayan rabo goma, ƙarya yake nunawa. Shi ya sa ake sa masa ƙa'idar kada ya kama sai an tara rabo da yawa, wasu alƙaluman ma sai an tara rabo ɗaruruwa suke zama daidai. Dalili? Karta bisa sa'a take faɗowa. Kuma ko da babu sa'a ko kaɗan, hukuncin na nan, domin caca ita ce kowa ya zuba dukiya, ko ya ci ko a ci shi. Shaɗaranji, wato wasan chess mai kama da dara, tsantsar tunani ne, amma Ibn Abdil Barr ya hakaito ijma'i cewa buga shi da kuɗi haramun ne. Allah ya haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya ce a nisance su.

Saura cewa ba ka bugawa. A aya ta 2 ta wannan surar an hana taimakon juna a kan zunubi, malaman Malikiyya kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matse. Naka ya fi na mai inabi tsanani, domin inabi ana cinsa, launin kifi kuwa ba shi da aiki sai a teburin caca. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, ya yi sadaka. Furuci kawai ke nan, balle wasa wa mai yanka wuƙa.

Don haka aikin haramun ne, ladansa ma haka. Ka tuba ka daina karɓa. Abin da ka karɓa kana sane, ka fitar da shi ga mabuƙata ko aikin gayya, kada ka mayar wa ɗan cacar. Kuɗin da ka riga ka kashe cikin rashin sani, wasu malamai sun yi rangwame, suna kafa hujja da aya ta 275 a Baƙara.

Ilimin kansa tsarkakakke ne. Irin wannan saitin a manhajar lissafi ta Excel zai nuna wa ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi bashin da ya wuce wa'adi da jan launi, ko mai kemis maganin da ya kusa lalacewa, kuma halal ne ka karɓi lada a kansa. Wallahu a'alam.