Sabuwar bindigar farauta: sai an hore bututunta?

Tambaya: Ni mafarauci ne a ƙasar Yauri. Na sayi sabuwar bindiga, da lasisina. Ɗana ya ce ya gani a intanet wai sai a harba ɗaya a wanke bututun, a sake harbawa a sake wankewa, har sau ashirin, kafin a shiga daji da ita. Ga harsashi da tsada. In yi ko in bari?

Amsa: Malam, fara tabbatar da babu harsashi a ciki, sannan ka buɗe ta, ka ɗaga wajen haske ka leƙa ta gindi. In cikin sumul yake, kamar na yawancin bindigogi masu baki ɗaya ko biyu da ke hannun mafarautanmu, maganar ɗanka ba ta shafe ka ba. Adana harsashinka.

Abin da ya gani na bindiga ce mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu. Injin da ya yanka zanen kan bar ɗan kaushi, shi kuma kaushin ya riƙa kankare jan ƙarfen da ke jikin harsashi yana manne shi a ciki. Shi ya sa wasu ke harbi suna gogewa a farko. Ko a Amurka ba a taru a kan haka ba. Gale McMillan, fitaccen maƙerin bututu, ya ce cinye ƙarfen kawai ake yi. Ni dai ina ganin harbi biyar zuwa goma da gogewa tsakani ya wadatar.

Abin da ya fi damuna daban ne. Sabuwar bindiga da giris take zuwa daga masana'anta don kada ta yi tsatsa. Kada ka harba sai ka goge shi tas, har farin ƙyalle ya fito fari. Kauce wa baƙin man inji, ƙurar hunturu yake kamawa ya zama taɓo. Kuɗin da za ka ƙone a harsashi, sayi sandar gogewa da buroshi da man bindiga. Ta gindi za ka riƙa zura sandar, don kada ka ci bakin.

Sai kuma zanzaro. Na taɓa ganin bindigar da aka jingine a kusurwar ɗaki damina guda, aka leƙa ba haske, ashe ya gina ɗakinsa na laka can ciki. Da an ja kunama, bututun na iya fashewa a hannun mai ita. Don Allah leƙa kullum kafin ka fita, kuma in bakin ya caki ƙasa a fadama, tsaya ka sake dubawa.

Tunda ka ambaci lasisi: a Dokar Makamai ta 1959, na adaka kwamishinan 'yan sandan jiha ke bayarwa, na irin taka kuwa Sufeto Janar. Duba lambar da ke jikin bindigar ta dace da ta takardar, ka kuma kulle ta nesa da yara, harsashi a wani wuri daban.