Gemun Dushanbe da kyandir ɗin Mosko

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji 'yan sanda na aske wa samari gemu a Tajikistan mai babban birni Dushanbe, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, ga Putin kuma tsaye a coci da kyandir a hannu, kana tambaya ko al'adar Musulmin can ce su yi wa addini riƙon sakainar kashi. Ko kusa. Shekara biyar na yi ina karatu a Tashkent, babban birnin Uzbekistan maƙwabciyar Tajikistan, zamanin Tarayyar Sobiyet, na ci tuwon gidajensu.

Wata rana wani abokin karatuna ya kai ni bikin kaciyar ƙanensa. An dafa shinkafar da suke kira osh a tukunyar da za ta ci rago guda, ga kwalaben giya a gefe, uban yaron kuwa ɗan jam'iyyar kwaminis ne mai kati. Da aka gama, wani dattijo ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa, har mai katin. Na yi mamaki ƙwarai, don a lokacin kaina na da zafi irin naka. Daga baya na gane a nan Musuluncinsu ya ɓuya: kaciya, ɗaurin aure, jana'iza, ziyarar kabarin waliyyai, da tsofaffin mata masu koyar da yara a ɗaka. An rufe masallatai, an ƙona lulluɓin mata a 1927, an raba su da harafin Larabci, sai addini ya koma cikin gida.

A 1943, yaƙin duniya na biyu ya matsa, Stalin, shugaban Sobiyet, ya sassauta wa Kirista da Musulmi duka. Cocin Otodoks ya sake samun shugabansa, Musulmi kuma aka kafa musu ofishin mufti a Tashkent. Amma ba ɗaya ba ne. Coci dama gida ne mai maigida ɗaya, da bishop-bishop a ƙarƙashinsa, kuma Barashe na ganinsa a matsayin gadon kakanni. Mu kuwa ka san mu, ba mu da fafaroma. Mutane da yawa suna kallon mufti a matsayin malamin gwamnati, masu neman ilimi da gaske suna zuwa zaurukan ɓoye da ake kira hujra.

Da daular ta rushe a 1991, mai mulki a Mosko ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Babban cocin da Stalin ya rusa a 1931 aka sake ginawa, aka buɗe a 2000. Poland ma cocin Katolika ne ya tsaya wa ma'aikatan Solidarity, ƙungiyar ƙwadagon da ta ja da gwamnatin kwaminis, don haka da kwarjininsa ya fito. A Asiya ta Tsakiya kuwa tsofaffin 'yan kwaminis ne suka sauya hula suka ci gaba da zama, masu magana da sunan addini kuma suka fito daga zaurukan da gwamnati ba ta iko da su. A Disambar 1991 wani matashi, Tahir Yuldashev, ya tsare shugaban Uzbekistan Islam Karimov gaban jama'a a garin Namangan yana gindaya masa sharuɗɗa. Karimov bai manta ba har ya mutu a 2016. Ga kuma Afghanistan a maƙwabta.

Tajikistan ta yi yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997. Sulhun ya ba 'yan adawa kashi 30 na muƙamai, jam'iyyar Musulunci ta shiga majalisa, sannan shugaban ƙasar Emomali Rahmon ya haramta ta a 2015. Askin gemun daga nan ya samo asali, tsoron kishiya ne.

Kada kuma ka yi wa cocin Rasha hassada. Bayan da Rasha ta kai wa Ukraine yaƙi a 2022, an sallami limaman coci saboda sun yi addu'ar zaman lafiya maimakon ta nasara.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.

Kawunka